Bahon Bahaya da Shimfiɗar Sabon Zomo: Me Ya Kamata a Saya?

Yawancinmu mun san zomo ne a cikin keji a bayan gida, ana kiwonsa don nama ko don sayarwa. Wanda kuwa ya karɓo zomo da niyyar ya zauna da shi a ɗaki ko a tsakar gida, abin da zai fara damunsa shi ne fitsari. Sa'ar da aka yi ita ce zomo da kansa yake zaɓar lungu ɗaya ya riƙa komawa can, saboda haka koyar da shi yin fitsari da bahaya a baho bai kai wahalar da ake zato ba, muddin kayan da aka saya sun dace da halinsa. Bai kamata a kashe kuɗi a ranar farko ba. A tsare shi a ƙaramin wuri na kwana biyu ko uku, a lura da lungun da ya zaɓa da kuma girman jikinsa idan ya miƙe, sannan a nufi kasuwa.

A shagunan kayan dabbobi na manyan birane akan sami ɗan tire mai kusurwa uku da ake cusawa a lungun keji. Yana da kyau a ido, amma ban ga dalilin sayensa ba sai ga ɗan zomon da bai wuce wata biyu ko uku ba, domin babban zomo yana so ya shiga da jikinsa duka, ya juya, ya zauna yana tauna ciyawa yayin da yake bahaya. Idan tiren ya yi masa kaɗan, zai sa ƙafafun gaba a ciki, fitsarin kuma ya zuba a ƙasa. Tiren kyanwa mai kusurwa huɗu ya fi shi nesa ba kusa ba, haka ma bahon roba mai faɗi irin wanda ake sayarwa a kowace kasuwa, wanda yake yin aiki iri ɗaya a kan kuɗi kaɗan. Abin dubawa shi ne tsayin bakinsa: kamar santimita 10 zuwa 15 ya isa, tun da zomo yakan ja da baya ya ɗaga wutsiya kafin ya yi fitsari, baki gajere kuwa ba zai tare komai ba. Ga tsohon zomo, ana iya yanke gefe ɗaya ya zama ƙofa. Daron ƙarfe yana tsatsa da fitsari, yana kuma ɗaukar zafi. Tire mai ragar waya a sama yana rage aikin shara, amma tafin ƙafar zomo gashi ne kawai ya rufe shi, ba shi da tsokar da kare ko kyanwa suke takawa a kai, don haka doguwar zama a kan waya takan jawo masa gyambo a dunduniya.

Zaɓen abin da za a shimfiɗa a cikin bahon ya fi zaɓen bahon muhimmanci, saboda zomo yana ɗanɗana duk abin da aka zuba masa, kuma ba ya iya amai. Abin da ya haɗiya sai ya bi ta hanji. Wannan ne ya sa ƙasar kyanwa da ake sayarwa a buhu, musamman irin wadda take dunƙulewa idan ta jiƙe, ta zama haɗari gare shi, domin za ta iya dunƙulewa a cikinsa ta toshe hanji. Garin katako na kasuwar 'yan katako kusan kyauta ne, kuma yana shan ruwa sosai, shi ya sa masu kiwon kaji suke sonsa. Matsalarsa ita ce ba ka san itatuwan da aka gauraya a ciki ba, ba ka san ko an shafa wa katakon maganin gara ba, ƙurarsa kuma tana shiga hanci da idon dabbar da take kwana da fuskarta a kansa. Itatuwa masu ƙamshi irin su pine da cedar suna fitar da sinadaran da suke taɓa hantar zomo. Ɓuntun shinkafa ba shi da wannan illa, sai dai ba ya shan fitsari yadda ya kamata, kuma iska kaɗan za ta watsa shi. Yashi yana riƙe wari, zomo kuma zai mayar da shi wurin tono. Totuwar masara da aka farfasa tana saurin funfuna.

Dunƙulallen takarda da ake shigo da shi daga waje yana shan fitsari da kashe wari sosai, kuma ko zomo ya ci kaɗan ba ya cutuwa, amma yana da tsada, ba a kuma samunsa ko'ina. Ga mafi yawan gidaje, tsohuwar jarida ninki da yawa a ƙasa da busasshiyar ciyawa a samanta ta wadatar, da sharaɗin a riƙa canzawa kullum.

Ciyawar nan ba shimfiɗa ce kawai ba, ita ce abin da yake jan zomo zuwa bahon, ita ce kuma mafi yawan abincinsa. Masu sayar da abincin dabbobi za su fara miƙo maka harawar wake ko ta gyaɗa, zomo kuma yana sonta ƙwarai, amma tana da sinadarin kalsiyam da yawa, shi kuwa ta fitsari yake fitar da rarar kalsiyam. Ta dace da ƙananan zomaye masu tasowa da uwa mai shayarwa. Ga babban zomo, busasshiyar ciyawa irin su kyasuwa ko harkiya ta fi, a bar harawa ta zama ɗan ƙari. A shinshina damin kafin a biya, duk wanda yake warin danshi a bar wa mai shi.

Idan an ajiye bahon a lungun da ya zaɓa, a tsinci ɗan kashinsa a zuba a ciki tare da guntun jaridar da ta jiƙe da fitsarinsa. Zomo mai lafiya yana zubar da ƙwayoyin kashi 200 zuwa 300 a rana, kuma a kwanakin farko zai warwatsa wasu da gangan don ya shaida cewa wurin nasa ne, kamar yadda yake goga haɓarsa a jikin kujera. Wannan yakan ragu idan ya saki jiki. Duka ko tsawa ba sa koya masa komai sai ɓuya da buga ƙafar baya a ƙasa. Da ya kai wata 4 zuwa 6 zai balaga, a lokacin ne namiji yakan fara fesa fitsari ko da ya koyu a baya, kuma abin da yake magance wannan shi ne likitan dabbobi da ya saba da zomaye ya yi masa dandaƙa, kuɗin da ya kamata a sa cikin lissafi tun farko.

A haɗa da kwalbar ruwan khal, domin shi yake narkar da farin dattin da fitsarin yake bari a jikin roba. A lokacin bazara da damina ƙudaje sukan yi ƙwai a jiƙaƙƙen gashin zomo, don haka ya fi kyau a sayi baho biyu iri ɗaya, ɗaya yana aiki yayin da ɗayan yake bushewa a rana.