CB750 da aka jingine ko XS650 da ke kan hanya: wanne za a saya, da wace robar hannu, da wane mariƙin totur?

Wani ɗan'uwa a cikinmu ya samu tsofaffin babura biyu yana son ɗaukar ɗaya. Na farko Honda CB750 ne ƙirar 1976, fentinsa na ƙyalli, kilomitarsa kaɗan, amma shekara shida ke nan yana jingine a gareji. Na biyu Yamaha XS650 ne ƙirar 1978, fenti ya koɗe, kilomita ta ninka ta wancan, sai dai mai shi yana hawansa duk mako. Ya ƙara da cewa hannunsa na dama yana sagewa idan tafiya ta wuce awa ɗaya, don haka yana son sanin robar hannun da ta dace, da kuma mariƙin totur, ɗan abin nan da ke riƙe totur a inda ka ajiye shi domin hannu ya huta.

Malam, kafin ka dubi fenti ko ka tambayi kuɗi, kama totur ɗin kowannensu, injin a kashe, ka murɗa shi har ƙarshe ka saki. Ya kamata ya koma da kansa nan take, har ka ji ɗan ƙas. Juya kan babur ɗin dama iyaka ka sake gwadawa, sannan hagu iyaka. Totur da ke komawa a hankali, ko yake tsayawa a tsakiya, ya faɗa maka yadda aka riƙe babur ɗin, kuma ya faɗa maka cewa maganar mariƙi ba ta taso ba tukuna.

A wajen tsohon inji, ajiya ba kulawa ba ce. CB750 yana da silinda huɗu, kafireta huɗu da salansa huɗu, kuma shekara shida na zama tana taɓa kowannensu. Fetur da ya bushe a kafireta yana barin danƙo da ke toshe ƙananan jet na silo, wato ramukan da fetur ke bi, shi ya sa irin wannan babur yake tashi da cok amma ya mutu da zarar an cire. Tankin da aka bari rabi yana tsatsa daga ciki, don haka haska tocila ka leƙa. Fistin na birkin gaba yana cijewa, sil na shokazoban gaba suna bushewa su fara yoyo a makon farko. Salansa kuwa daga ciki suke ruɓewa, ta ƙasa inda ruwa ke taruwa. Ƙwanƙwasa su da bayan sukudireba, domin samun na asali guda huɗu masu lafiya yana cikin abin da ya fi tsada a wannan babur. Wani abu kuma: baƙin man CB750 na waɗannan shekarun a tanki daban yake, a gefen dama ƙarƙashin sirdi. Idan injin ya tashi, buɗe murfin ka tabbata man yana dawowa cikin tankin.

XS650 silinda biyu ne, kafireta biyu, aikinsa rabin na wancan. Ciwonsa sananne ne: caji. Janaretansa mai burushi ne, burushin yana cinyewa. Sa mita a kan batir, ka ɗaga injin zuwa juyi 3,000 a minti. Kana son ganin tsakanin bolt 13.5 da 14.5. Idan ya tsaya a 12 da ɗoriya, akwai aiki. Sai rariyar mai da ke ƙasan injin, wadda ta saba yagewa, da bushin na hannun da ke riƙe tayar baya da shasi, wanda za ka gane ta kama tayar ka girgiza ta gefe da gefe.

Abin da ya haɗa su biyun: ka ce kada a tayar kafin ka iso, kuma ka taɓa injin da hannunka ka ji sanyi. Injin da aka ɗumama yana ɓoye wahalar tashi da hayaƙi. Shuɗin hayaƙi da ya ci gaba bayan injin ya yi zafi, ringi ne ko bawul. Idan bakanike ya auna matsin silinda, kada bambancin da ke tsakaninsu ya wuce kashi 10 cikin 100. Taya kuma ba zanenta za ka duba ba, lambar shekararta za ka duba: lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT da ke gefen tayar, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Idan lambobi uku ne, kafin 2000 aka yi ta, ta cirewa ce ko da zanen na nan fil. Dubi kawunan sukurori ma. Na baburan Japan suna da yankansu daban, kuma sukudireban da bai dace ba yana cinye su. Injin da duk sukurorinsa suka ci duka ya sha hannun wanda bai san shi ba. Game da lamba, Yamaha na wancan lokacin lambar injin da ta shasi iri ɗaya suke fitowa, Honda kuwa ba sa zama ɗaya tun daga kamfani, don haka kada wannan ya tsorata ka. Abin da ya wajaba shi ne lambar shasi ta dace da takardu, har da na kwastam idan shigo da shi aka yi.

Hukuncina: idan hawa kake so ka fara a wannan watan, XS650 ne, muddin yana caji. CB750 sai idan mai shi ya sauke kuɗin taya biyu da tub, batir, sarƙa, wankin kafireta huɗu, gyaran birki da sil. Amma akwai inda maganar hannunka ta shigo. Fistin biyun XS650 tare suke hawa tare suke sauka, shi ya sa jijjigarsa take da ƙarfi, kuma tana isowa hannu. CB750 ya fi shi laushi nesa ba kusa ba, sai dai totur ɗinsa ya fi nauyi, saboda sifirin ɗin da ke rufe kafireta huɗu mai ƙarfi ne. Ɗaya yana sagar da hannu ta jijjiga, ɗaya ta riƙo. Maganinsu ba ɗaya ba ne.

A XS650, fara da robobin da ke ƙarƙashin mazaunin ƙarfen kai. An sa su ne don shanye jijjiga, kuma bayan sama da shekara arba'in sun zama dutse. A CB750, fara da wayoyin totur guda biyu, mai ja da mai mayarwa: canja su idan sun fara tsinkewa ko sun lanƙwashe, ka bi da su ta hanyar da kamfani ya bi, ka sa bakanike ya daidaita kafiretocin huɗu. Cire bututun totur, wanda robar hannun dama ke hawa a kansa, ka wanke ƙarfen da ke ƙarƙashinsa. Ƙurar hunturu idan ta haɗu da tsohon giris tana zama kamar kunu, don haka ɗan mai mara kauri ya isa, ba loda giris ba. Wasan totur kafin waya ta fara ja ya kasance milimita 2 zuwa 6. Sau da yawa rabin ciwon hannun a nan yake ƙarewa.

Yanzu roba. Dukansu biyu kaurin ƙarfen kansu bakwai bisa takwas na inci ne, wato milimita 22. Na inci ɗaya, milimita 25.4, na irin su Harley-Davidson ne, ba zai zauna ba. Robar ba iri ɗaya ba ce hagu da dama: ta dama raminta ya fi faɗi, kusan milimita 25, domin a kan bututun totur take hawa. Auna tsawon bututun kafin ka saya; galibi ana samun roba daga milimita 120 zuwa 135.

Robar asali, siririya mai zane, ita ce ta fi dacewa da kamannin babur ɗin, ta fi jure rana, kuma kana jin abin da tayar gaba ke yi. Jijjiga kuwa ba ta rage komai. Roba mai tumbi a tsakiya, irin wadda ake kira Gran Turismo, ta zamanin ce ita ma, tana cika tafin hannu, kuma ƙarin kaurinta yana sa murɗa totur mai nauyi ya yi sauƙi; ga CB750 ita zan zaɓa. Soso ya fi kowa shanye jijjiga, kuma akwai wanda ake zurawa a kan robar da ke nan, kamar Grip Puppies. Ga XS650 yana taimakawa ƙwarai, amma yana shan gumi da ruwan sama, rana tana ruɓar da shi, kuma idan yatsunka gajeru ne, ƙarin kaurin zai nisanta ka da libar birki. Roba mai laushi biyu, mai tauri a ciki da taushi a waje, ita ce tsaka-tsaki, sai dai masu arha suna yin danƙo a zafinmu. Na ƙarfe masu ƙyalli, bar su ga masu ɗaukar hoto: suna zafi a rana, suna santsi da gumi.

Wajen sawa, tsaga tsohuwar da reza a tsaye, a hankali a ɓangaren dama kada ka yanki bututun. Wasu tsofaffin bututu suna da ƙunya-ƙunya da aka yi don robar asali. Goge su da fayil idan sabuwar ta ƙi zama daidai. Wanke da sifirit, shafa gam ɗin roba kaɗan, tura da sauri, ka bari ya kwana. Kada ka sa mai ko giris don ta shige, domin za ta ci gaba da juyawa a hannunka. Kuskuren da ya fi yawa shi ne tura ta dama har bakinta ya manne da gidan makunni, ko gindinta ya goga ƙarshen ƙarfe. Bar tazarar milimita 1 zuwa 2 a duka wuraren, kuma ka kiyaye kada gam ya shiga tsakanin bututu da ƙarfe.

Sai mariƙi. Ka sani ba gudu yake riƙewa ba, buɗin totur kawai yake riƙewa: a hawa babur zai rage, a gangara zai ƙara. Kuma kowane iri ne, dole ka iya rufe totur da hannunka ko da yana kulle.

Mafi sauƙi ba ma mariƙi ba ne, ɗan faifan roba ne da tafin hannu ke hawa, irin su Crampbuster da Throttle Rocker. Yatsu suna sakewa, kuma da ka ɗaga hannu totur ya koma. Haɗarinsa a cikin gari ne: rami ko juyawa a hankali na iya sa tafinka ya danna shi babur ya zabura, haka ma hannun babbar riga idan ya maƙale. Juya shi ƙasa ko ka cire kafin ka shiga cunkoso.

Na biyu irin Go Cruise ne, maƙata da ke kama robar, ka tura ta da yatsa ta jingina da libar birki. Babu abin kwancewa, ana sawa a minti ɗaya. Yana kama roba mai tauri da kyau, amma a kan soso yana zamewa, kuma jijjigar XS650 tana sassauta shi a hankali. Ka lura yana cin wurin yatsan da ke kusa da birki.

Na uku, irin Vista Cruise da NEP, zobe ne da ke zagaye bututun tsakanin roba da gidan makunni, da ɗan harshe da babban yatsa ke dannawa. Shi ya fi dacewa da baburan shekarun 1970, kuma ya fi na biyu riƙo. Yana buƙatar 'yan milimita na fili a kan bututun, shi ya sa ya kamata ka yanke shawararsa kafin ka shafa wa roba gam, ba bayan ta bushe ba. Akwai na waya ɗaya da na waya biyu, don haka ƙirga wayoyin babur ɗinka. Sukurun daidaita shi kuma ka ɗaure shi iyakar yadda zai rinjayi sifirin kawai. A CB750 ana jarabtuwa a matse shi da yawa saboda sifirin ɗin mai ƙarfi ne, sai rufe totur ya zama kokawa.

Na huɗu a bakin ƙarfen kai ake ɗaura shi, kamar Kaoko na Afirka ta Kudu. Ya fi kyan gani, nauyinsa yana ɗan rage jijjiga, amma yana son roba mai buɗaɗɗen gindi, kuma tsofaffin ƙarafan kai ba su da zaren noti a ciki, sai an sami nau'in da ke buɗewa ya kama bangon ƙarfen daga ciki. Ya fi ukun farko tsada. Akwai kuma BrakeAway, wanda ke sakin kansa da an taɓa birkin gaba. Ta fuskar tsaro babu kamarsa, ta fuskar aljihu kuma sai an shirya.

Dabarar cusa zoben roba a gefen totur don ya riƙa cijewa, ban yarda da ita ba, haka ma matse sukurun cije totur da wasu tsofaffin BMW da Harley-Davidson ke zuwa da shi a bar shi haka. Duka biyun suna hana totur komawa a kowane lokaci, ba lokacin da ka zaɓa ba. Idan babur ya faɗi, injin zai ci gaba da ihu taya na juyawa.

Ga CB750, roba mai tumbi da zoben babban yatsa. Ga XS650, sababbin robobin mazaunin kai, soso ko roba mai laushi biyu, da faifan tafin hannu. Ƙara zoben daga baya idan har yanzu kana so ka riƙa sakin hannun gaba ɗaya. Birkin waɗannan babura na 1970 da wani abu ne, bai kai na yau ba, kuma a hanyar da awaki, ramuka da shingen bincike ke fitowa ba sallama, daƙiƙa talatin na miƙe yatsu a fili mai nisan gani ita ce iyakar aikin mariƙi. Bayan ka gama ɗaurawa, tayar da injin a silo, mariƙi a sake, ka juya kai dama da hagu iyaka: idan ƙarar injin ta canja, waya ta ɗame a wani wuri, sai a gyara kafin a fita. Ka tabbata kuma makashin injin da ke hannun dama yana aiki, kuma babban yatsanka yana kai masa ba tare da mariƙin ya tare hanya ba.