Shoyu, ruwan waken suya na Japan: a rage gishiri kafin a zuba shi

Assalamu alaikum 'yan uwa. Masu tambayar abin da ake gyara miya da shi a nan Japan, tunda daddawa sai an yi sa'ar mai zuwa daga gida, amsar ita ce shoyu. Kusan babu kicin ɗin da ba shi, kuma kwalbar lita guda ba ta wuce 'yan ɗaruruwan yen a kanti.

Da waken suya ake yin sa, da gasasshiyar alkama, da ruwan gishiri, da wata irin fumfuna da suke kira koji. A bar haɗin ya ruɓa wata shida ko fiye, sannan a matse ruwan. Daddawar kalwa kwana biyu zuwa uku take yi ta nuna, kuma ba ta zuwa da gishiri mai yawa. Shi kuwa shoyu gishiri ne da ƙamshi a haɗe, kuma a nan baƙi suke ɓata girki. Babban cokali ɗaya, mililita 15, yana ɗauke da gishiri wajen giram biyu da rabi. Wanda ya zuba cokali biyu a tukunya, ya ƙara dunƙule biyu da gishirinsa na kullum, to miya ta tashi daga aiki.

Kala biyar ne a hukumance. Koikuchi shi ne na yau da kullum, shi ya kai kusan kashi 80 cikin ɗari na abin da ake yi a ƙasar, kuma shi Kikkoman na garin Noda da Yamasa na Choshi suka fi fitarwa. Shi za a saya in ba a san na saya ba. Usukuchi na mutanen Kyoto da Osaka ne, launinsa ya fi haske, sai mutum ya zaci ya fi sauƙin gishiri, alhali ya fi koikuchi gishiri. An yi shi ne don kada ya baƙanta kayan lambu da romo. Tamari na yankin Nagoya kauri gare shi, alkamarsa kaɗan ce ko babu. Sauran biyun, saishikomi da shiro, ba lallai ba ne mai girkin gida ya neme su.

Wanda ake samu a manyan kantunan gida sau da yawa baƙin nan ne mai kauri irin na Sin, da aka ƙara wa ƙonannen sukari don ya rina soyayyar shinkafa. Na Japan tsinkakke ne, in aka ɗaga shi a haske ja-ja yake, saboda haka kada a auna su da cokali ɗaya.

Sai maganar da ta fi damun Musulmi. Ruɓawar da kanta tana haifar da 'yar barasa kaɗan, wasu kamfanonin kuma suna ƙarawa don kada ya lalace, za a ga an rubuta アルコール, wato barasa, a jerin kayan haɗi. Malamai sun saɓa a kan ta farkon. Mai son fita daga shakka ya nemi mai tambarin halal, ana samu a shagunan halal na Shin-Okubo a Tokyo da kuma ta intanet. Mirin da suke haɗawa da shi a girki kuwa giyar shinkafa ce mai zaƙi, barasarsa ta kai kashi 14, sai a musanya shi da sukari ko zuma da ruwa.

Ga yadda ake kazar teriyaki, wato wadda ake soyawa da haɗin shoyu mai zaƙi, ba mirin. Cinyar kaza rabin kilo, a cire ƙashi. A haɗa shoyu cokali 2, ruwa cokali 2, sukari 1, zuma 1, da 'yar citta. A kifa naman ta gefen fata a kasko, wuta matsakaiciya, minti 6 zuwa 7 har fatar ta yi ja, a juya a ba shi minti 4. A tsane man da ya fito da takarda, in ba haka ba ruwan haɗin ba zai kama naman ba, zai yi ta yawo a kan mai. Sannan a zuba haɗin, a riƙa ɗiba ana watsa wa naman har ya yi danƙo, minti biyu ya isa. In aka zuba tun farko, sukarin zai ƙone ya yi ɗaci tun nama bai nuna ba. Haka ma gashi a kan gawayi, a shafa shi a mintunan ƙarshe. Jiƙa yankakken nama a ciki kuma kada ya wuce minti 20 zuwa 30, don gishirin yana zuƙe ruwan naman ya bar shi da tauri.

Jafanawa suna fara sa sukari, sai gishiri, shoyu ya zo can baya, saboda dogon tafasa yana korar ƙamshinsa. A soyayyar shinkafa ba a kan shinkafar ake zuba shi ba, a gefen kasko mai zafi ake tsiyaya cokali ɗaya ya yi cuu, sannan a juya. Miyar dage-dage da farfesu suna karɓar cokali guda dab da saukewa, a cire dunƙule ɗaya. Miyar kuka da ta kuɓewa, a ganina, a bar wa daddawa, shoyu ba ya ba su nauyin da suke so.

Da zarar an buɗe kwalba iska na baƙanta shi, ƙamshin ya dushe. A sa a firji, a ƙarar cikin wata guda. Inda wuta ba ta tsayawa, gara a sayi ƙaramar kwalba, ko irin mai matsewa wadda iska ba ta shiga, ita tana kai kwana 90 a waje, muddin ba a ajiye ta kusa da murhu ba.