Wuƙar dutse ko ta ƙarfe?

Tunda bidiyon masu sassaƙa wuƙa da dutse ya fara yawo a Facebook, samari a Gusau ke ta tambayata: wai da gaske ta fi ta maƙera kaifi?

Ta fuskar kaifi zalla, haka ne, amma ba kowane dutse ba. Akwai baƙin dutse mai ƙyalli kamar gilashi da ake samu a wuraren da dutse ya yi aman wuta, irin su Habasha da Kenya. In aka ɓalle shi, bakinsa ya fi na aska kaifi, har wasu likitocin tiyata sun gwada aiki da shi. Fata da tsoka ratsa su yake ba gardama. Amma da ya haɗu da ƙashi sai bakin ya ɓantare, ɓarɓashin ma ya iya maƙalewa cikin nama. Mahauci mai sarar ƙashin shanu ba zai kai azahar da ita ba.

Ta ƙarfe tana dakushewa, tana tsatsa da damina, sai dai gyaranta ba wuya: ɗan ruwa da dutsen washi, an gama. Ko lanƙwashewa ta yi, maƙeri zai mayar da ita wuta ya miƙe ta. Ta dutse kuwa washinta ɓalle baki ne, kullum ƙanƙancewa take.

Batun kuɗi, maƙeranmu da tsohon sifirin mota suke ƙera wuƙa, ga araha. Dutsen nemo shi aiki ne, ɗan koyon sassaƙa shi kuma yatsunsa ke shan yanka.

Mahauci, manomi da uwargida, ƙarfe ne nasu. Ta dutse ta dace da malamin tarihi mai son nuna wa ɗalibai yadda ake fiɗar dabba fiye da shekara miliyan 2 da suka wuce, da kuma mai sha'awar tara kayan da, irin gatarin aradu.