Ƙamus na Oxford da kalmomin zuzuta magana a Ingilishi

Wani ɗalibina ya taɓa kawo mini fassarar wani ɗan rahoto a kan rigakafin yara, inda jimlar Ingilishi ta ce muhimmancin allurar "cannot be overstated". Shi kuwa ya rubuta da Hausa cewa bai kamata a zuzuta muhimmancinta ba, alhali abin da mai rahoton yake nufi shi ne duk yadda aka kai ga kambama muhimmancin allurar ba a yi ƙari ba. Ma'ana ta juye gaba ɗaya saboda kalma guda. Wannan kuskure ne ya sa na zauna da ƙamus ɗin Oxford Advanced Learner's Dictionary, bugu na 10 da ya fito a 2020, domin in gwada shi a kan fanni ɗaya tak, wato kalmomin da Turawa ke amfani da su wajen ƙara wa zance gishiri.

Asalin ƙamus ɗin aikin A. S. Hornby ne, malamin Ingilishi ɗan Ingila da ya daɗe yana koyarwa a Japan, kuma a can aka fara buga shi a 1942 kafin kamfanin ɗab'i na Jami'ar Oxford ya fitar da shi a 1948. Wannan tarihi yana bayyana a kowane shafi, domin an tsara littafin ne saboda wanda ya koyi Ingilishi a aji, ba wanda ya tsotse shi a nono ba. Ana bayanin kowace kalma da sauƙaƙan kalmomi, a kawo jimlolin misali, sannan a nuna ko ta zaman ofis ce ko ta hirar abokai.

A nan ne na ga amfaninsa sosai. Mu a Hausa mun san cewa zuzutawa da kambamawa da ƙara gishiri da wuce gona da iri 'yan ɗaki ɗaya ne, amma kowace da wurin zamanta, kuma haka abin yake a Ingilishi. Kalmar exaggerate ita ce gama-gari, ana faɗarta ga yaron da ya ce ciwon kansa zai kashe shi, ana kuma faɗarta ga ɗan siyasar da ya ruɓanya yawan mutanen da suka halarci taronsa. Overstate ta fi zama a rahoto da muhawara da rubutun jarida, kuma misalan da ƙamus ɗin ya jera a ƙarƙashinta sun isa su warware wa ɗalibina matsalarsa da ya duba tun farko. Embellish kuwa asalinta ƙawatawa ce, don haka idan an ce mutum ya yi wa labari haka, ana nufin ya yi masa ado da ƙananan bayanan da ba lalle gaskiya ba ne, kamar yadda maɗinki ke yi wa riga aiki a wuya. Inflate ta fito daga hura iska, shi ya sa take tafiya da farashi da alƙaluma da kuɗin kwangila. Mai fassarar da ya mayar da duka huɗun "zuzutawa" bai yi ƙarya ba, amma ya zubar da rabin abin da marubucin ya faɗa.

Kalmar hyperbole ta cancanci a ɗan tsaya a kanta. Ita ce abin da masana adabin Hausa ke kira kambamar zulaƙe, wato zuzutawar da aka yi da gangan don adon harshe, wadda mai faɗa da mai saurare duk sun san ba a zahiri ake nufi ba. Asalinta daga Girkanci ne, da ma'anar jefa abu ya zarce iyaka. Ɗalibai da yawa na karanta ta da gaɓa uku kamar yadda rubutun ya nuna wa ido, alhali gaɓa huɗu ce, ana cewa hai-pa-ba-li tare da ƙarfafa gaɓa ta biyu. Littafin yana nuna haka da alamomin furuci, amma shafin intanet na ƙamus ɗin ya fi shi a nan, domin mutum zai latsa ya ji lafazin Birtaniya da na Amurka kyauta, ya kuma karanta asalin kalmar.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ya bi da kalmar literally. Ma'anarta ta asali ita ce "a zahiri, ba tare da ƙari ba", amma masu harshen sun daɗe suna amfani da ita don ƙarfafa zancen da kowa ya san ƙari ne, har mutum ya ce ya mutu literally don dariya yana zaune da ransa. Ƙamus ɗin bai ɓoye wannan ma'ana ta biyu ba, ya kawo ta ya kuma yi mata alamar cewa ta hira ce. A ganina wannan shi ne adalci ga mai koyo, domin zai ji ta a bakin mutane ko malaminsa ya so ko bai so ba, kuma yana bukatar ya san cewa ba ta dace da takardar jarrabawa ko wasiƙar neman aiki ba.

Haka ma siffofi masu tsanani irin su starving da freezing da exhausted, waɗanda Bature ke faɗa idan abincin rana ya ɗan yi jinkiri ko iska ta ɗan kaɗa. Misalan suna nuna cewa abokiyar tafiyarsu ita ce absolutely, ba very ba, kuskuren da na gyara a littattafan ɗalibai fiye da yadda zan iya tunawa.

Inda ƙamus ɗin ya gaza mini shi ne tsarinsa na bin haruffa, wanda ke bukatar ka riga ka san kalmar kafin ka neme ta. Wanda bai taɓa jin karin maganar mayar da tudun da ƙaramar dabba ta tono ya zama tsauni ba, wato make a mountain out of a molehill, da wuya ya iso gare ta daga exaggerate kai tsaye. Rubutun littafin ma ƙanana ne ga mai raunin gani, kuma babu kalmar Hausa ko ɗaya a ciki, don haka aikin daidaita embellish da ƙara gishiri yana kan mai karatu. Duk da haka ina ba mai fassara da malamin sakandare da ɗalibin da ke shirin WAEC shawarar su mallake shi, su kuma saba wa kansu karanta jimlolin misali har ƙarshe maimakon tsayawa a layin farko na bayani.