Karatun ortofoni bayan shekara 35: Lome, Aljeriya, Gana ko takardar intanet?

Masu tambaya a kan wannan karatu a Yamai da Tawa yawanci kala uku ne: malamin lakwal da ya shekara goma yana kallon yaro mai in'ina a bencin baya, ma'aikaciyar jinya da ta ga tsoho ya tsira daga shanyewar ɓarin jiki amma magana ta ƙi dawowa, da mai lisans na ilimin harsuna daga Jami'ar Abdou Moumouni ko ta Djibo Hamani da ke neman sana'a. Aikin ortofonist shi ne auna matsalar magana, murya, harshe, karatu da haɗiya, sannan ya gyara ta da atisaye, mako bayan mako. Aikin kuwa ga shi jibge: yaran da sanƙarau ya bari da kurumta, waɗanda aka ɗinke wa tsagaggen leɓe ko ganɗa a asibitin CURE na Yamai, waɗanda cutar noma ta cinye wa baki, da yaran da aka kai wa wanzami ya yanke linzami amma har yau shiru.

Malam, ka fara haɗiye wannan: a tsarin galibin ƙasashen da ke karatu da Faransanci, lisans ɗinka na wani fanni ba ya ɗaukar ka kai tsaye zuwa masta na ortofoni. Sana'ar lafiya ce, daga shekarar farko ake farawa. Don haka lissafinka shekara uku ne ko biyar ba cikakken albashi, ba "masta na shekara biyu" ba.

In an bi ra'ayina, Lome. Makarantar ENAM ta Togo, mai horar da ma'aikatan lafiya a Lome, ta buɗe sashen ortofoni a 2003 da tallafin ƙungiyar Handicap International, ita ce ta fara wannan horo a Afirka ta Yamma mai Faransanci, kuma karatun shekara uku ne bayan bak. Abin da ya ɗaga ta ba gini ba ne. Na farko, a makaranta ɗaya ake koyar da masu gashin ƙashi da masu haɗa ƙafar roba, ga manyan asibitoci irin su Sylvanus Olympio a gari, don haka ɗalibi na ganin mai shanyewar jiki tun yana kan gado, ba a hoto ba. Na biyu, yaran da za ka yi sitaj a kansu irin namu ne: Ewe ko Kabiye a gida, Faransanci a lakwal. Wannan ita ce wahalar da za ta tarbe ka a Tawa. Gwaje-gwajen auna magana da ake sayarwa an tsara su ne a kan yaran Faransa masu harshe ɗaya. Ka ɗora su a kan ɗan shekara shida daga Ader, sai takarda ta ce yana da ciwo alhali Faransanci ne bai iya ba. Haka wanda bai san Hausar yamma ba zai ji yaro ya ce "hwara" maimakon "fara" ya rubuta kuskure, alhali haka uwarsa ke faɗi. Wanda ya koyi aiki a gari mai harsuna da yawa ya riga ya saba tsara nasa jerin kalmomi da hotuna, ya gwada ɓ da ɗ da ƙ da ts, ya saurari tsawon wasali da karin sauti, sannan ya nemi tafinta in yaron Bazabarme ne ko Buzu. Na uku, kuɗi ɗaya muke kashewa, sefa, ba canji ba biza, kuma jirgin kamfanin ASKY na tashi tsakanin Yamai da Lome. Hanyar mota ce ta yi tsawo tun da aka rufe iyakar Benin a 2023, sai ka sa kuɗin jirgi sau ɗaya ko biyu a shekara cikin lissafi.

Kafin ka biya ko dala, ka rubuta wa makarantar ka nemi amsa a takarda mai hatimi kan abu huɗu: wane bak suke karɓa (mai bak A ya tambaya tun da wuri), ko akwai iyakar shekaru ga baƙo, kuɗin baƙo na shekara, da ranar rufe karɓar dosiye. Iyakar shekaru ita ce ke kayar da manya, kuma maganar baki daga wani tsohon ɗalibi ba hujja ba ce.

Aljeriya na da lisans da masta duka, amma a sashen ilimin halayyar ɗan Adam na jami'a ake koyarwa, da Larabci a wurare da yawa, kuma yawan sitaj ya danganta da jami'ar. Maroko na da lisans a makarantun gwamnati na ISPITS masu horar da ma'aikatan lafiya, sai dai gurbin baƙo ta hanyar burs yake zuwa, burs kuma sabon mai bak yake so, ba mai iyali ba. Faransa shekara biyar ce tun 2013, a 2024 ana neman shaidar Yuro 615 a wata, wato jaka 400 da ɗoriya, ofishin jakadancinta a Yamai kuma a rufe yake tun Janairun 2024. Beljiyam ƙuri'a take jefa wa waɗanda ba mazauna ƙasar ba. A wuce wurin.

Gana ce kaɗai za ta iya ja da Lome, ga mai Ingilishi na gaske. Jami'ar Gana ta buɗe masta na wannan fanni a 2016, shekara biyu, ga wanda ya riga ya yi digiri na farko. Shekara ɗaya da ka rage babbar riba ce ga mai shekara 40. Amma rahoton mara lafiya da za ka rubuta wa likita a Babban Asibitin Yamai da Faransanci ne, sunayen cututtuka sai ka sake koyo.

Yanzu ga inda ake yanka mutane. Tallar "Zama ortofonist cikin wata shida, daga gidanka" ta cika Facebook da WhatsApp, da hoton hular kammala karatu da tutar Kanada ko Faransa. Ka auna da wannan: a Faransa ɗalibi na yin awa 2,040 na sitaj kafin a ba shi takarda, a Amurka awa 400 a gaban mara lafiya ƙarƙashin idon gwani. Wata shida a waya awa nawa ce? Sifili. Abin da suke bayarwa shaidar halarta ce, ba difloma ba, kuma da gangan suke rubuta ta da manyan haruffa na zinariya. Alamominsu ba sa ɓuya: ana biya ta lambar wayar mutum ɗaya, ba a neman bak, "rangwame ya ƙare gobe", adireshin akwatin gidan waya ne, kuma in ka ce a ba ka sunan asibitin sitaj da na ortofonist mai kula da kai, sai a ce "kai za ka nemo". Wasu kan manna tambarin CAMES, hukumar Afirka mai tantance diflomomin ilimi mai zurfi. To CAMES, wadda aka kafa a taron Yamai na 1968, difloma ɗaya-ɗaya take amincewa da ita, ba makaranta dungurungum ba: makaranta na iya samun amincewa a lisans na akanta ta ɗora tambarin a kan ortofoni. Ka duba sunan diflomar kanta a jerin CAMES, sannan ka kai takardun ma'aikatar ilimi mai zurfi da ta lafiya ka tambaya ko za su daidaita ta, tun kafin biya. Akwai kuma dillalan gurbi masu cewa sun san wani a ciki, a ba su jaka 200 na "ajiye wuri". Makarantar gwamnati rasit take bayarwa da sunanta.

Abin ba asarar kuɗi kaɗai ba ne. Mai takardar bogi zai ba tsohuwa mai matsalar haɗiya ruwa tsararo ta ƙware, ya gangara huhu ya zama ciwon haƙarƙari, inda gwani zai zaunar da ita tsaye, ya kaurara kunun, ya rage girman cokali. Zai shekara yana koya wa yaro furta "s" ba tare da ya tura shi gwajin ji ba.

Ga ma'aikacin gwamnati, Hajiya ko Malam, kada ka tafi sai takardar izinin sitaj ta fito da sa hannu: ita ke riƙe maka matsayi, ita kuma za ka nuna ranar neman ƙarin girma. Izinin ajiye aiki na wucin gadi ba albashi a cikinsa. Kuma kafin duk wannan, ka nemi izini ka zauna mako biyu a sashen kunne da hanci da maƙogwaro ko makarantar kurame ta Yamai, ka ga yadda ake maimaita sauti ɗaya sau hamsin da yaro mai kuka, uwarsa a gefe tana tambayar ranar da zai ce "Inna".