Sun biya ni diyyar gobara, amma kashi 60 cikin 100 kawai

Da a makon farko bayan gobarar na rubuta wannan sharhi, da taurari biyar zan ba kamfanin inshorar gidana. Wutar ta tashi ne daga wayoyin lantarki da ke cikin silin ɗin kicin, wajen ƙarfe 2 na dare, ta cinye rufin kicin da rabin na falo kafin a shawo kanta. Alhamdu lillahi, babu wanda ya ji rauni. Gari na wayewa na kira lambar da ke jikin takardata aka ɗauka, bayan kwana 2 sai ga mai ƙiyasta ɓarna ya iso. Mutum ne mai natsuwa. Sai da ya jajanta mana kafin ya taɓa komai, ya hau sama da kansa ya duba katakan rufi ɗaya bayan ɗaya. Ranar na ce wa maiɗakina ta kwantar da hankalinta, shekara 7 da muka yi muna biya ba ta tafi a banza ba.

Sai wasiƙarsu ta zo. Sun yarda gobara ce, sun yarda da adadin ɓarnar da mutuminsu ya rubuta, amma kashi 60 cikin 100 za su biya.

Na karanta sau uku ban gane ba, na ɗauki takardar na tafi ofishinsu. Wata ma'aikaciya ta zaunar da ni, ta buɗe yarjejeniyar da na sa wa hannu, ta nuna mini wani sakin layi da ban taɓa sanin yana ciki ba. Adadin kuɗin da na sa wa gidan a inshorar, abin da na kashe ne lokacin da na gina shi, kuma shi nake ta sabuntawa duk shekara. Su kuwa abin da suke dubawa shi ne nawa za a kashe a sake gina gidan a yau, da siminti da rodi da ladan magina na yau. Da suka lissafa, adadina bai wuce kashi 60 na wannan ba. Sharaɗin ya ce wanda ya sa wa gidansa ƙasa da kuɗin sake gininsa, shi ya ɗauki nauyin ragowar, don haka ko taga ɗaya ta ƙone, gwargwadon wannan kason za a biya shi. Ni a tunanina, tunda ɓarnar ba ta ko kusa da adadin da na sa ba, duka za a biya. Ashe ba haka lissafin yake ba.

Daga cikin kashi 60 ɗin ma sai da aka cire wani kaso da mai gida ke fara ɗauka a duk lokacin da ya nemi diyya. Wannan na sani, ban yi musu ba. Abin da ya ƙara ɓata mini rai shi ne kayan ɗaki. Kujeru, firiji, labule, talabijin, ko ɗaya bai shiga ba, domin inshorar gini kaɗai na saya. Kabad ɗin kicin da ke manne da bango sun lissafa shi cikin gini, firijin da ke tsaye kusa da shi kuwa sai wanda ya sayi inshorar kayan gida daban.

A nan ne yabon da nake musu ya fara zubewa. Ma'aikaciyar ba ta yi mini ƙarya ba, komai a rubuce yake, kuma ni na sa hannu ban karanta ba, wannan nauyi a wuyana yake. Amma wakilinsu fa? Shekara 7 yana zuwa har gida, maganarsa ɗaya ce: "Alhaji, irin ta bara ce, sa hannu a nan kawai." Bai taɓa tambayata ko na sake ƙiyasta kuɗin ginin ba, alhali ya fi ni sanin yadda kayan gini ke tashi, ya kuma san da wannan sharaɗi. Minti biyu sun ishe shi ya faɗa mini. Da na kira shi bayan wasiƙar, sai ya ce, "Ranka ya daɗe, ai yana cikin takarda." Wannan amsa har yau tana ci mini rai fiye da kuɗin.

Daren nan na zauna na karanta yarjejeniyar daga farko har ƙarshe, na ga abin da ya sa ni gumi. Idan gida ya wuce kwana 30 babu kowa ciki, sata da fashewar bututun ruwa sun fita daga kariya, mu kuwa bara mako 6 muka yi a tafiye gidan na kulle. Yoyon da ke cin bango sannu a hankali ba ya ciki, sai ɓarnar da ta auku farat ɗaya. Ko sana'a mutum ya fara a gidan bai sanar da su ba, suna iya ƙin biya.

Kuɗin sun shigo a kan lokacin da suka faɗa, ba zan ɓoye wannan ba. Na samo mai ƙiyasin kuɗin gini ya auna gidan, na ɗaga adadin, na ƙara ta kayan ɗaki, na kuma ce kada a sake turo mini wancan wakilin. Taurari biyu na ba su, ɗaya ma don mai ƙiyasta ɓarnar ne. An yi wa kicin rufi, amma silin ɗin falo sai na tara da kaina, wata 4 ke nan muna kallon kwano idan muka ɗaga kai.