Wasiƙa ga Kawu daga Houston: Yadda Suke Ajiye Bindigoginsu

Assalamu alaikum Kawu. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, da Inna da yara da duk mutanen gida. Yaya damina? Saƙonka ya iso. Ka ce in gaya maka wane irin aiki ne yake sa ni kukan ciwon baya, kuma ko gaskiya ne a Amurka bindiga kamar fartanya take, kowane gida da tasa.

Ba kowane gida ba, amma a nan Texas abin da ka ji bai yi nisa da gaskiya ba. Tun watan Satumba na 2021 ma doka ta yarda baligin da ba shi da wani laifi a kansa ya rataya ƙaramar bindiga ya fita ba tare da lasisi ba. Ni dai ban mallaki ko ɗaya ba, don kada hankalin Inna ya tashi. Aikina dako ne. Mu uku ne a mota, muna kai wa mutane sef gida, wato akwatin ƙarfe mai tsayin mutum da suke kulle bindigogi a ciki. Ƙarami yakan kai nauyin buhun masara biyu, babba kuwa ya haura buhu huɗu ko biyar. Akwai amalanke mai batir da ke taimaka mana hawa bene, amma duk da haka da bayan mutum ake gama aikin.

Abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne yawan abin da mutum ɗaya ke tarawa. Za ka ga dattijo da bindiga ashirin, talatin: ta harbin barewa idan lokacin farauta ya buɗe a watan Nuwamba, ta agwagwar ruwa, ta aladun daji da ke yi musu ɓarna a gona, ga wadda kakansa ya dawo da ita daga yaƙin duniya na biyu. Yadda Bafillace ke zayyana maka shanunsa ɗaya bayan ɗaya, haka zai tsaya yana ba ka tarihin kowace, kai kuma gumi na zuba kana jira ya sa hannu a takarda. Dukiya ce a wurinsu, ana gadonta, ana sayarwa idan an shiga matsi.

Sef ɗin kansa ana sayar da shi a manyan kantuna kamar yadda ake sayar da firji. Akwai kabad na siririn ƙarfe na dala ɗari da wani abu, wanda yaro kawai zai hana. Akwai na dubu ɗaya zuwa biyu, wanda yawancin mutane ke saya, akwai kuma na masu hannu da shuni. Da na fara aikin, ƙyallin fenti da manyan sakatun ƙofa sun ruɗe ni. Sai abokin aikina, wani ɗan Meziko da ya daɗe a sana'ar, ya ƙwanƙwasa mini gefen wani ya ce in saurara. Ashe ƙofar ce kawai mai kauri, jikin bai wuce milimita biyu ko uku ba. Na tuna ƙofofin ƙarfe da masu walda ke yi mana a gida, wasu sun fi wannan kauri. Da yawa daga cikin sef ɗin nan suna ɗauke da tambarin gwaji na UL, wani kamfanin gwada ingancin kaya a Amurka, amma gwajin da aka fi yi shi ne a ba mutum ɗaya kayan aikin hannu, a ga ko akwatin zai jure minti biyar. Minti biyar fa, Kawu. Ɓarawon da ya san mai gida ya tafi hutu yana da dare guda.

Shi ya sa ɗaure shi a ƙasa ya fi komai. Muna huda simintin ɗaki mu ɗaure shi da ƙusoshi huɗu, a lungu, inda ba za a samu wurin sa ƙarfe a ɓanɓare ƙofar ba. Wani mutum da muka kai wa kaya ya ƙi, wai ba ya son a ɓata masa daɓe. Bayan wata takwas ya sake kiranmu, wannan karon sabon sef ya saya. Ɓarayi ba su ma wahalar da kansu wajen buɗe na farkon ba, sun kwantar da shi a kan amalanke sun tura cikin mota, kamar an ɗauke rumbu da hatsinsa.

A bakin wannan mutumin na fara fahimtar inshora. Yana da inshorar gida, yana biya shekara da shekaru, ya ɗauka komai na ciki ya shiga. Da ya je neman diyya sai aka buɗe masa shafin da bai taɓa karantawa ba. Inshorar gida ta yau da kullum tana da iyaka a kan satar bindigogi, galibi dala 2,500 ne gaba ɗaya, ba kowace ɗaya ba, wasu kamfanonin ma ƙasa da haka. Shi kuwa a cikin abin da aka sace akwai guda ɗaya da ta fi wannan kuɗin ita kaɗai. Ban ga laifin kamfanin ba sosai, a rubuce yake. Amma na tausaya masa, don yana ba mu labari muryarsa na rawa idan ya zo kan ta mahaifinsa.

Wanda ya san dawan garin, ƙarin yarjejeniya yake yi. Ko dai ya sa a lissafa kowace bindiga da sunanta da lambarta da kuɗinta a jikin inshorar gidan, ko ya je wurin kamfanonin da aikinsu ke nan, inshorar kayan tarawa. Idan tsohuwa ce mai daraja, sai an kira mai ƙiyasi ya duba ya rubuta farashi, kamar dillali a kara, sai dai shi takarda yake bayarwa da sa hannu. Wurin da ake faɗawa rami shi ne wajen ƙimar: wata yarjejeniyar kuɗin da aka amince tun farko za a biya, wata kuma sai an cire tsufa, a biya ka kuɗin gwanjo. Kuma duk wanda ba shi da rasit ko hoto ko lamba, maganarsa ba ta da nauyi. Gwamnatin tarayya ba ta riƙe rajistar bindigogin mutane na yau da kullum, dokar 1986 ta hana, saboda haka in ba ka rubuta lambar kayanka da kanka ba, ko 'yan sanda sun kama ɓarawon da wuya ka nuna naka ne. Na ga wanda ya rubuta komai tsaf a littafi, sannan ya kulle littafin a cikin sef ɗin da aka sace.

Bayan ɓarawo akwai wuta da ruwa. A jikin ƙofa za ka ga an rubuta zai jure gobara ta minti 30 ko 60, zafi wajen digiri 650 a ma'aunin da muka saba. Abin da ke cikin bangonsa allon farar ƙasa ne irin na silin, ba wani sihiri ba. Ruwa kuwa mutanen Houston ba sa wasa da shi tun ambaliyar guguwar Harvey a watan Agusta na 2017. Sef mai jure wuta ba lallai ya hana ruwa shiga ba, kuma inshorar gida ba ta biyan ɓarnar ambaliya, wannan takarda ce daban da kuɗinta daban. Har yanzu wasu sukan ce mu ɗora musu akwatin a kan dakali. Ko ba ambaliya, garin nan kusa da teku yake, iskarsa jiƙe take kamar tsakiyar Agusta a wurinmu, kusan duk shekara. Ƙarfe na kwana biyu sai tsatsa. Don haka suna sa wata 'yar sandar lantarki mai ɗumi a ciki tana korar laima. Kai da hunturu ke busar maka da komai kyauta, ɗan man keke da tsumma sun ishe ka.

Abu ɗaya da na yaba: a dokar Texas laifi ne ka bar bindiga da harsashi a ciki cikin sakaci har yaro ɗan ƙasa da shekara 17 ya kai hannu gare ta. Shi ya sa ƙananan akwatuna na gefen gado masu buɗewa da zanen yatsa suke da kasuwa. Ni dai na fi yarda da makullin juyawa na da, don sau da yawa ana kiranmu batir ya mutu mai gida ya rasa yadda zai yi. Abokina da ke Ingila ya ce a can abin ya fi tsanani: sai ɗan sanda ya zo gida ya ga kabad ɗin a ɗaure da bango kafin a ba ka takardar izini, kuma ƙananan bindigogi an hana su tun 1997, bayan kisan yara 'yan makaranta a Dunblane, wani gari a Scotland.

Na san za ka ce inshora ai malamai sun yi magana a kanta. Haka ne, a masallacinmu ma ana tafka muhawara, wasu na cewa sai irin ta takaful, wato inshorar Musulunci. Wannan na bar muku ku da Liman.

Duk ranar da na ɗaure wani sef, adakar Kaka nake tunawa, tsohuwar bindigar nan wadda kake fita da ita hawan sallah, tun lokacin da in an ce 'yan bindiga, masu buga wa Sarki albarushi ake nufi. Tana nan a bayan ƙyaure a naɗe cikin tsohon bargo, ba ta da lamba, ba ta da rasit. A nan ma sai daga 1968 aka wajabta buga lamba a kan kowace bindiga, kuma tsofaffin da ba su da ita da hoto da alamomin jikinsu ake shaida su. Don Allah ka sa Auta ya ɗauke ta hoto da waya, gaba da baya, har da wurin da aka ɗaure ƙotar da fata, ya turo mini in ajiye. A kuma raba ta da gorar albarushi, jikoki sun yi yawa a gidan yanzu. Zan aiko da kuɗin kwaɗo da katako ta hannun Yaya, kafinta ya yi mata akwati.

Sannan ka gaya mini, maƙerin wane gari ne ya ƙera ta? Wani dattijo a nan ya tambaye ni, na ji kunya ban sani ba.

A gaida Inna, a gaida Sarkin Baka idan kun haɗu. Wassalam, ɗanka.